Abin da Aka Rubuta a Bayan Hotuna

Ɗakin hotuna yana can ƙarshen baranda, bayan ofishin fayil da banɗakin da aka kulle tun shekarar da famfonsa ya fashe. Taga ɗaya gare shi, da dogon tebur, da fankar ƙasa mai juya kai hagu da dama kamar tana neman wanda ya kira ta. Sauran wurin kuwa kantocin ƙarfe ne har rufi, an jera akwatunan kwali ɗari biyu da goma sha huɗu a kansu. Shekara talatin da ɗaya mutum guda ne ke buɗe ƙofar da safe ya rufe ta da yamma. A takardar aiki, shi ne mai kula da ɗakin hotuna na ma'ajiyar tarihi. A bakin mutane kuwa, tun daga Darakta har mai gadi, Baba Fensir ne, don ba a taɓa ganinsa babu guntun fensir a bayan kunne ba. Matarsa ta ce ranar da za a yi masa aikin ido ma sai da likita ya roƙe shi ya cire.

Hotunan tsofaffi ne. Wasu daga ma'aikatun da aka rushe suka zo, wasu daga shagunan masu hoto da suka mutu, 'ya'yansu suka rasa inda za su kai tarkacen. Lamba kawai ke jikin yawancinsu. Ga fuskoki nan reras, masu haƙa ramin famfo, 'yan makaranta a jere, ma'aikatan jinya, direbobi jingine da motocinsu, amma babu mai ce maka ga wane.

Sai dai mutane suna zuwa. Tsoho zai shigo neman hoton tsohuwar tasha saboda wata rigimar fili, yana cikin juya hotuna sai ka ga ya tsaya cak, ya ɗora yatsa. "Ikon Allah, wannan ai Dogo ne mai gyaran agogo. Shi ne ya ƙi tashi daga shagonsa har aka zagaye shi da titi." Baba Fensir ba mai magana ba ne, amma ya iya jawo wa mutum kujera. Zai zuba ruwa a kofi, ya rage fanka, ya zauna ya yi shiru har sai mai labari ya gaji don kansa. Bayan an tafi sai ya kife hoton, ya zaro fensir, ya rubuta a bayansa wane ne, mene ne aikinsa, me aka ce ya faru, wa ya faɗa, da kwanan wata. Idan bayan shekara biyar wani ya zo ya ce ba haka aka yi ba, ba ya taɓa na farko, sai ya ƙara na biyu a ƙasa. Da haka da haka ya cika bayan hoto dubu uku da ɗari shida da 'yan kai. Masu ba da labarin kusan duk ƙasa ta rufe musu ido. Abin da suka sani babu shi a littafi, babu shi a bakin kowa yanzu, sai a wannan ɗaki.

Ana nan sai wata malamar tarihi ta fara zuwa. A sakandare take koyarwa, tana kuma yin digirin digirgir a jami'a, bincikenta a kan ko yara sun fi riƙe tarihi idan aka koyar da su da tsofaffin hotuna. Doguwa ce mai saurin tafiya, kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa da alli a gefen hannun riga. Kafin mako ya zagayo masinjan ofis ya sa mata Dakta Gobe, sunan kuma ya bi ta.

Rana ta uku ta kife wani hoto don ta ga lambarsa, sai ta ga rubutu. Ta kife na gaba. Ta kife na gaba da shi.

"Baba, wa ya rubuta waɗannan?"

"Sun ɓata miki aiki ne?"

"Ni dai tambaya na yi."

"Ni ne. In ba kya so, ki duba gaban kawai. Shi ba ni na yi ba."

Ta zauna a kujerar tsofaffi, ta cire tabarau ta goge. "Baba, ka san abin da kake zaune a kai kuwa? Shekara biyu ina neman abin da zai sa yara su daina hamma a ajina."

Tun daga ranar aiki ya zama nasu su biyu. Rubutunsa ƙanana ne kamar sawun tururuwa, ba ta iya karanta shi da sauri, don haka shi ke karantawa da baki ita tana bugawa a kwamfuta. Talata da Alhamis da Asabar, shekara ɗaya da rabi, akwati bayan akwati. Takan ce masa shi ne farfesanta na gaskiya, wancan na jami'a sa hannu kawai ya iya. Shi kuwa ya koma ce mata 'yata. A gida, in ya fara labarinta a kan abinci, matarsa takan ajiye cokali ta ce, "To, Malam, ya 'yar taka da ba ni na haifa ba? Ta ci ta ƙoshi? Tamu dai ta bugo waya jiya, na ce mata ubanta yana aikin jami'a, kada a dame shi."

Sau ɗaya Dakta Gobe ta tafi da shi makarantarsu. Shi ya riƙo majigi, ya tsaya a bayan aji kusa da tsintsiya. Ta haska hoton masu haƙa ramin famfo a bango, mutum bakwai tsaye da diga da shebur. Yara suka fara abin da suka saba.

"Malama, lokacin ba a ƙirƙiro takalmi ba?"

"Wancan na ƙarshe kamar ya sha maganin da ya ƙare aiki."

Ta bar su suka yi dariya har suka gaji. Sannan ta karanta musu abin da ke bayan hoton. "Na uku daga hagu, mai riƙe da hula, ana ce masa Sarkin Barci, don ko a tsaye yana iyawa. Kwana biyu bayan wannan hoto ramin ya rufta da mutum huɗu. Shi ya tono biyu da hannunsa, farcensa bai sake fitowa ba. In ji ƙanwarsa."

Ajin ya yi tsit, har ana jin ƙarar majigi. Can wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Sauran biyun fa?"

Malamar ta kalli bayan aji, kawuna arba'in suka juya tare da ita.

"Ba a faɗa mini ba," in ji Baba Fensir.

A hanyar komawa a ranar ne ya fara tunanin cewa abin da ya tara ba zai mutu da shi ba.

Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya aka ce Darakta yana kiransa. Ofishin Darakta akwai sanyi da kafet, da kujeru uku na baƙi waɗanda ba a ce masa ya zauna a ko ɗaya ba. A kan tebur akwai wasu takardu da aka ja wa jan layi, da wani ƙaramin kwali.

"Baba, shekara talatin muna zaton mai tsaron kaya muka ajiye, ashe marubuci ne ba mu sani ba." Darakta ya gyara tabarau. "Wannan babi na uku ne na kundin yarinyar nan, jami'a ta aiko mana mu duba. Saurara. Ta ce ta tarar wani ma'aikaci marar horo ya ɓata bayan hotuna sama da dubu uku da rubutun da ba shi da madogara. Wane ne ma'aikacin nan, don Allah? Ko mai shara ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai ne. Wa ya ba ka izini?"

"Ba wanda ya hana, ranka ya daɗe. Daraktoci biyar sun wuce."

"Ni ne na shida, ni kuma na iya karatu." Ya tura ƙaramin kwalin da yatsa. Kilina ce a ciki, ta goge rubutun fensir, farare masu laushi, dozin biyu, da safar hannu. "Gidauniyar da za ta kwafe mana hotuna zuwa kwamfuta tana turo mutanenta nan da mako shida. Ƙa'idarsu ita ce ba a rubutu a jikin hoto na asali. In suka ga wannan kazanta, su tattara na'urorinsu su tafi, ni kuma a ce ban san abin da ke ƙarƙashina ba. Wanda ya zubar shi ke kwashewa. Mako shida."

"Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in kwafe su a littafi tukuna."

"Da lokacin wa? Ka goge, ko in sa maka takardar tuhuma a fayil ka tafi da ita gida, in kuma kira masu shara su goge da abin da suka samu. Su ba ruwansu da laushi."

Ya fito rungume da kwalin. Lissafin ba shi da wuya: abin da ya ci shekara ɗaya da rabi ana karantawa ana bugawa, hannu ɗaya ba zai kwafe shi a mako shida ba, balle a haɗa da gogewa. Amma akwai inda aka riga aka kwafe shi.

Washegari ya nemi izini ya hau mota zuwa jami'a. Bai taɓa shiga ba. Ya sha tambaya kafin ya sami sashen, wata doguwar baranda mai ƙofofi iri ɗaya, ɗalibai zaune a ƙasa sun jingina da bango suna jiran wanda ba zai zo ba. A nan ya same ta a ƙofar wani ofis, rungume da takardu. Tana ganinsa fuskarta ta sauya, sannan ta gyara ta.

"Baba, lafiya? Da ka kira ni ai."

Kafin ya amsa ƙofar ta buɗe, wani gajeren mutum ya fito, biro huɗu a aljihun gaba. Farfesan da ke duba aikinta ne. Ya dubi fensirin da ke bayan kunnen Baba, ya yi murmushi.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Farfesa."

"Malam, na karanta aikinka. Da jarida ka shiga da ka yi suna. Amma ka ga, mu a nan, 'in ji ƙanwarsa' ba hujja ba ce. Ƙanwar ta sa hannu a takarda? Tana ina?"

"Ta rasu, ranka ya daɗe."

"To, ka gani." Ya wuce yana kaɗa makullin mota.

Suka koma gefen matakala. Baba Fensir bai iya zagaye-zagaye ba. "An karanta mini abin da kika rubuta."

"Ba ni na rubuta shi haka ba, Baba, wallahi. Farfesa ne ya gyara wurin. Ya ce in na nuna daga bayan hotuna na samo labaran, masu jarrabawa za su cinye ni ɗanye. Gara a nuna matsala ce na tarar. Ban san za a aika wa Darakta ba."

"Wannan ya wuce. Marar horo dai gaskiya ne, ba wanda ya hore ni. Abu ɗaya na zo tambaya. An ce in goge. Suna wurinki duka?"

"Duka."

"Har na akwatunan ƙarshe, na asibiti?"

"Har su. Ba tare muka yi ba?" Ta daki jakar kwamfutar da tafin hannu. "Komai yana nan. Bari in kare kundina, in buga maka su a takarda, in sa a yi musu bango mai kauri, ka ajiye a ɗakinka. Ka ma huta da rubutun tururuwa."

Ya dube ta sosai. Ita ce dai, da allin a hannun riga.

"To, 'yata. Allah ya ba da sa'a."

Ranar Litinin ya sa safar hannu ya buɗe akwati na ɗaya. Ya shimfiɗa farar takarda a tebur, ya kife hoton farko. Bai iya gogewa haka kawai ba, sai da ya karanta shi a hankali, leɓɓansa na motsi, kamar mai sallama da baƙo a bakin ƙofa. Sannan ya ɗora kilina. Daga tsakiya zuwa gefe, hannu ɗaya na danne da hoton kada ya lanƙwashe, sai ya share garin da ɗan buroshi. Dogo mai gyaran agogo minti biyu ya ɗauka. Ungozomar da aka ce ta karɓi haihuwar rabin unguwa, wadda mutum huɗu suka yi gardama a kanta cikin shekara ashirin, ta ɗauki minti tara.

A mako na farko yana karanta kowanne. A na biyu ya ga ba zai kai ba, ya koma karanta layin farko kawai. Daga na huɗu ya daina karantawa, yana kifewa yana gogewa, ɗari da ashirin a rana, idonsa a kan bango. Masinja yakan leƙo ya ce, "Baba, yau ma ana wankin zunubi ne? Sai mun sauya maka suna, Baba Kilina." Garin roba ya shiga ko'ina, aljihu, naɗin wando, gashin hannu. Matarsa ta kakkaɓe rigarsa a tsakar gida ta tsaya tana kallon abin da ya zubo.

"Malam, wannan duk maganar mutane ce?"

"Tana wurin yarinyar."

"Ka gani da idonka a takarda?"

"Ta ce bayan ta kare."

"Hmm. Ni dai ban yi boko ba, amma ban taɓa zubar da ruwan tulu don na ga hadari ba."

Ya riga ya kai akwati na ɗari da sittin.

Ya gama saura kwana biyu wa'adi. Mutanen gidauniya suka zo, samari da 'yan mata masu fara'a, suka kafa na'urorinsu a dogon teburin, suka tura shi kusurwa yana miƙo akwati. Shugabarsu ta juya hotuna goma sha biyu ta ce ba ta taɓa ganin ma'ajiyar da aka kula da ita haka ba. Darakta ya yi ta gyaɗa kai. Da ta tambaya ko akwai wani bayani game da mutanen da ke ciki, ya ce ai abin takaicin ke nan, magabata ba su bar komai ba.

Labarin kare kundi a bakin masinja ya ji shi. An ce ta yi abin a zo a gani, har wani baƙon farfesa ya miƙe ya tafa mata. Baba ya kira ta don ya yi mata murna, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya bar kwana uku ya sake kira. Ya aika saƙo, 'yarsa ce ma ta rubuta masa. Ya ce a ransa mai sabon digiri hidima ta yi mata yawa.

Ranar Laraba ta makonsa na ƙarshe, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai ga ta. Masu na'ura sun gama sun tafi, ɗakin ya koma yadda yake. Ta shigo da sabon mayafi, babu jakar kwamfuta, sai wani littafi mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Ya miƙe ya goge hannu a riga.

"Dakta Yau," ya ce. "Barka da arziki."

"Na gode, Baba. Kwafin kundin na kawo wa laburaren ma'aikata, dole ne a ajiye ɗaya a nan. Na ce bari in fara nuna maka." Ta buɗe shafin godiya ta ɗora yatsa a layin ƙarshe, inda aka gode wa dukkan ma'aikatan ma'ajiyar tarihi. "Ka ga, kana ciki."

"Na gani. Nawa littafin fa?"

"Baba, zauna."

"Ke zauna, ke ce baƙuwa."

Ba ta zauna ba. Ta yi magana tana kallon kantoci. Ta ce a jami'a akwai kwamitin ɗa'ar bincike. Duk wanda ya tattara bayani a kan mutane, da sunansu da ciwonsu da abin da ya faru a gidajensu, ba tare da sun sa hannu sun yarda ba, to dole ya share shi kafin a ba shi takardar kammalawa. Labarai talatin da ta yi amfani da su a aji suna cikin kundi, an cire duk abin da zai nuna ko su waye. Sauran kuwa, sakataren kwamitin da kansa ya tsaya a kanta ta share, na kwamfuta da na filashi da wanda ta aika wa kanta, sannan ya buga hatimi.

Fanka ta juyo ta kaɗa shafin kundin, ta juya ta tafi.

"Ba ki buga a takarda ba kafin nan."

"Kwafi ne, Baba. Na sa hannu cewa babu kwafi. In aka gano, digirin za a karɓe."

"Yaushe kika san wannan doka?"

Ta gyara mayafi. "Fom ɗin tun shekarar farko ake cikawa."

"Ranar da na zo jami'a, kin sani ke nan."

"Na sani."

Ya ja kujerar tsofaffi ya zauna a kai, abin da bai taɓa yi ba. Ita kuwa da ta ga bai yi faɗa ba, sai bakinta ya buɗe.

"Da na faɗa maka, da ba ka goge ba. Da ba ka goge ba, Darakta ba zai ba ni izinin sa hotunan a kundi ba, ya faɗa mini ƙarara, sai an tsabtace su zai sa hannu. Kundin koyarwa da hotuna babu hoto ko ɗaya, ka taɓa ji? Shekara biyar, Baba. Yara uku, ga aji, ga miji yana tambaya yaushe za a gama. Na ɗauka zan sami wata hanya daga baya."

"Kin nema?"

Ta rufe kundin ta rungume shi.

"Ni dai gaskiya ban ga abin da za a ɗora mini ni kaɗai ba. Ni na share kwafi ne. Na asali kuwa da hannunka ka goge. Kuma shekara talatin, Baba, ba ka taɓa tunanin sayen littafi ka rubuta a ciki ba?"

"Ban yi ba."

"To. Amma ai kana da su a ka. Yanzu ga ritaya, ga lokaci. Ka zauna ka rubuta, in ka gama ka kira ni, sai mu ga ko za a yi wata maƙala da shi." Ta duba agogo. "Bari in kai wannan kafin mai laburare ya fita. A gaida Mama."

Ya ji takunta har ƙarshen baranda.

Sannan ya tashi ya sauko da akwatin da hannunsa ya fara kaiwa, ya zaro hoto. Mata biyar ne a gaban wani gini mai matakala, kowace da kwando. Ya kife shi ya kai bakin taga, ya karkata shi ga rana, ko fensir ya bar sawu a jikin takarda. Bai bari ba. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa danna fensir ba don kada ya huda fuskar wani ta baya, gogewar kuma bai yi ta rabi da rabi ba. Takardar fes take kamar yau aka wanko ta.

Ya aiki masinja ya sayo masa littafin rubutu mai shafi tamanin. Ya rubuta lambar hoton a gefe, ya juyo da fuskokin ya zuba musu ido. Ya san akwai wadda ɗanta ya faɗa rijiya aka ciro shi da rai, ɗan ne ma ya zo da kansa, da furfura, ya ba da labarin. Ya rubuta "ta biyu daga dama", ya tsaya. Ko daga hagu ne? Ko kuwa ba wannan hoton ba ne, wani ne mai kama da shi a akwatin kasuwa? Yana jin muryar mutumin sarai, har tarin da yake yi, amma ya kasa ganin inda yatsansa ya sauka. Ya bar layin haka ya ɗauko na gaba.

Bai fita cin abinci ba. Yana ɗaukowa, yana rubuta lamba, yana kallo, yana ajiyewa. Wasu fuskokin suna yi masa kallon sani, kamar mutumin da kuka haɗu a mota ka manta inda ka san shi. Da ƙarfe huɗu ta yi, lambobi arba'in da ɗaya ne jere a gefen shafi. Shida kawai ke da rubutu a gabansu, biyu daga ciki ya sa musu alamar tambaya.

Masinja ya leƙo. "Baba, Darakta ya ce kada ka manta, ranar Juma'a da safe za ka miƙa makulli. Wai kuma a tambaye ka, kilinar da ta rage tana ina, kayan ofis ne."

Baba Fensir ya buɗe aljihun tebur ya miƙa masa guda uku da suka saura. Ya mayar da hotunan akwati bisa lambarsu, ya ɗora shi a kanta, ya kashe fanka, ya ja ƙofa.